Yadda ake zaɓen gadon kishingiɗa, a gyara shi, a shirya shi don zama da kwana

Gadon kishingiɗa shi ne gadon nan mai faɗin mutum ɗaya da ake yi wa majingina ta baya, wani lokaci har da hannu biyu a gefe, domin da rana a zauna a kai a yi hira ko a ɗan miƙe bayan azahar, da dare kuma a kwashe matasai a shimfiɗa zanin gado a kwana. A garuruwa irin su Garwa, Marwa, Ngaundare da Kusiri, har zuwa Njamena a tsallaken kogi, inda gida ba ya rabuwa da baƙi kuma ɗakuna ba su cika wadatar da mutanen gida ba, da wuya a sami wani abu cikin kayan ɗaki da yake biyan bukata biyu a fili ɗaya kamar yadda yake yi. Amma sau da yawa mutum yakan kashe kuɗinsa ya ƙare da abin da bai yi daɗin zama ba, bai kuma yi daɗin kwana ba. Abin da yake jawo haka ba rashin kyan sassaƙa ba ne, kuma ba tsufa ko sabunta ba ne. Kuskuren awo ne da kuma katakon da bai bushe ba. A kan waɗannan biyu ne bayanin nan zai fi tsayawa.

Mataki na farko: a yanke shawarar aikin da zai fi yi

Kafin a je kasuwa ko a kira kafinta, sai maigida ko uwargida su tambayi kansu ko gadon nan kujera ce da za a riƙa kwana a kanta jefi-jefi, ko kuwa gado ne na kullum da za a riƙa zama a kai da rana. Amsar ita ce za ta yanke faɗinsa, da kaurin katifarsa, da wurin da za a ajiye shi. Wanda za a sa a zaure ko a falo domin baƙon da yake zuwa lokacin sallah ko biki zai iya tsayawa a faɗin santimita 75 zuwa 80, saboda zama shi ne babban aikinsa. Wanda saurayin gida ko wata dattijuwa za su kwana a kai kowane dare bai kamata ya gaza santimita 90 ba, wato faɗin katifar mutum ɗaya da ake sayarwa a kasuwanninmu, mai tsawon santimita 190. Akwai kuma na uku, wanda ake so a riƙa fitarwa tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40 har ɗaki ya gagara kwanuwa. Wannan tilas ya zama marar nauyi, wanda mutum biyu za su ɗauka ba tare da wahala ba, kuma bai dace a yi masa aljihun tebur ko wani ado mai nauyi ba.

Mataki na biyu: awo

A nemi tef ɗin awo da takarda, kada a dogara da taku ko kamu. A auna bangon da gadon zai jingina da shi, a tuna cewa firam ɗin yakan ɗara katifa da santimita 8 zuwa 12 a tsawo, don haka katifa mai 190 tana bukatar bango mai kusan mita biyu da ba ƙofa ko taga mai buɗewa ciki. A bar hanyar wucewa a gabansa da ba ta gaza santimita 60 ba. Sannan a auna faɗin ƙofar ɗakin da ta zaure, da kwanar da za a sha kafin a shiga, domin a gidajenmu na gargajiya zaure yakan karkata hanya, kuma gadon da aka haɗa shi dunƙule guda zai iya maƙalewa a nan.

Awon da ya fi kowanne muhimmanci shi ne zurfin wurin zama. Kujerar da take da daɗi, daga bakinta zuwa inda baya yake jingina, takan kasance tsakanin santimita 50 zuwa 60. Gado kuwa faɗinsa 90 ne. Ke nan idan mutum ya zauna a gadon da ba a yi masa dabara ba, ko dai ya jingina ƙafafunsa su yi reto a sama, ko kuma ya sauke ƙafa ƙasa bayansa ya rasa madogara. Baƙo mai kunya, musamman suruki ko babban mutum, ba zai naɗe ƙafa a kan gadon wani ba. Zai ɗosana ne a bakin katifa har ya gama gaisuwa ya tashi da ciwon baya. Maganin abin shi ne a cike santimita 30 zuwa 35 na baya da matasai masu tauri, ko kuma a yi majinginar da take motsi. Wani mai zanen kayan ɗaki ɗan ƙasar Denmak, Hans Wegner, ya fitar da irin wannan gado a shekarun 1950, inda majinginar take shigowa kan katifa da rana ta rage zurfin, da dare kuma a ɗage ta sama faɗin ya dawo cikakke. Kafinta mai basira zai iya yin makamancin haka da hinji biyu masu ƙarfi, kuma a ganina wannan dabara ta fi tarin matasai tsabta a ƙasar da ƙura take da yawa.

Tsayi daga ƙasa shi ma yana da ƙa'ida. Idan aka haɗa firam da katifa, saman wurin zama ya tsaya tsakanin santimita 42 zuwa 45. Abin da ake yawan mantawa shi ne cire kaurin katifa daga lissafi: idan katifar tana da kaurin 15, to firam ɗin ya tsaya a 27 zuwa 30. Tsofaffi masu ciwon gwiwa sun fi jin daɗin wanda ya ɗan ɗara haka da santimita biyu ko uku, domin tashi daga wuri mai ƙasa-ƙasa yana ba su wahala. Majingina kuma ta tashi santimita 35 zuwa 45 a bisa katifa.

Mataki na uku: tsoho na tarihi, na jiya, ko na zamani

Masu cinikin tsofaffin kaya sukan kira abu na tarihi idan ya kai shekara 100, wanda kuma ya wuce shekara 20 bai kai ɗari ba su sa shi a ajin na jiya. Wannan rabo yana da amfani wajen ciniki, domin yana nuna abin da ya kamata a biya da kuma irin gyaran da ya halatta a yi.

Irin wannan gado ba baƙon abu ba ne a duniya. Girkawa da Rumawa na dā a kishingiɗe suke cin abinci a wajen liyafa, kuma cikin kayan da aka samu a kabarin Fir'auna Tutankamun na Masar, wanda aka gano a 1922, har da gadon tafiya mai naɗewa. A Faransa, wata irin kujerar kishingiɗa mai lanƙwasassun hannuwa ta ɗauki sunan Madam Rekamiye, saboda hoton da mai zane Jacques-Louis David ya yi mata a kan irinta a 1800. A 1930 kuma wani mai zanen gine-gine ɗan ƙasar Jamus, Mies van der Rohe, ya zana shimfiɗaɗɗen gadon fata mai matashi guda ɗaya dunƙulalle, wanda har yau ake kwaikwayonsa. Mu ma a nan muna da namu: gadon tukurwa, da gadon igiya da ake kira angareb a Sudan da gabashin Chadi, wanda ake saƙa tsakiyarsa da igiya ko tsirkiyar fata, da sassaƙaƙƙun gadajen katako na ƙasar Bamun da ake samun irinsu a Fumban. Ga mai neman abin kwana a waje lokacin zafi, babu wanda ya kai gadon igiya, saboda iska tana ratsa shi ta ƙasa, abin da katifar soso ba za ta taɓa bari ba.

Wanda yake son na tarihi sai ya yi hattara, domin a kasuwannin sassaƙa ana tsufar da sabon aiki da hayaƙi da ƙasa da mai har ya yi baƙi ƙirin. A kifa gadon a dubi tafin ƙafafunsa: na ainihi za a ga sun cinye ba daidai ba, gefe ɗaya ya fi ɗaya, saboda jan da aka yi ta yi musu a ƙasa. A dubi inda hannu da bayan gwiwa suke taɓawa, nan ne katako yake yin sulɓi da haske, sauran wurare kuma su kasance a dushe. Idan tsufan ya bazu ko'ina daidai wa daida, har cikin lungunan da hannu ba ya kaiwa, to aikin hannun mai sayarwa ne. Sukurori masu kan gicciye ba su yaɗu ba sai daga shekarun 1930, don haka ganinsu yana nufin ko dai gadon bai kai shekarun da ake faɗa ba, ko kuma an yi masa gyara daga baya.  Kuma duk abin da aka ce daga fada ya fito, a nemi sanin yadda ya bar fadar kafin a taya.

A ajin na jiya ne aka fi samun riba. Nan ne ake samun gadon bono na ƙarfe da iyayenmu mata suka yi aure da shi, da gadajen katako na gidajen ma'aikata na shekarun 1960 da 1970, da kuma waɗanda suke zuwa daga Turai ta tashar Duwala a sayar a shagunan burokant, wato na kayan gwanjo. Ƙaramin gadon bono na mutum ɗaya, idan aka juya tsawonsa ya bi bango, kansa da ƙafarsa sun riga sun zama hannuwa biyu; abin da ya rage kawai shi ne a cire ragar waya da ta lotsa, mai walda ya gitta ƙarafa, a ɗora falankai.

Na zamani da ake shigowa da su daga Dubai, Sin ko Turkiyya suna da kyan gani, wasu da aljihuna a ƙasa, wasu kuma da gado na biyu da ake jawowa. Amma da yawansu an yi su ne da garin katako da aka matse da gam aka lulluɓe da leda mai kama da itace. Irin wannan, ruwan mopa kaɗai ya isa ya kumbura ƙafarsa, kuma idan aka kwance shi aka sake ɗaurawa sau biyu ko uku, ramukan sukurori sukan buɗe su daina riƙewa. Wanda yake zaune a gidan haya, yana sa ran tashi, ya guje shi. A kuma lura da cewa wasu na Turai awonsu 80 ne da 200, saboda haka katifar kasuwa ba za ta zauna a ciki ba sai an yanko soso na musamman.

Mataki na huɗu: binciken tsohon gado kafin a biya

A girgiza shi da hannu biyu ta tsawo da ta faɗi, a saurari inda yake kuka. Sassaucin da yake a mahaɗa yana gyaruwa, amma tsagewar da ta bi doguwar katakon gefe ba ta da magani sai canji. Daga nan a nemi ƙananan ramukan ƙwaron da yake cin katako, masu girman kan allura ko ƙwayar gero. Idan an gan su, a shimfiɗa baƙar leda a ƙarƙashi a bubbuga katakon da bayan sukudireba. Garin da ya zubo fari sabo, mai laushi kamar fulawa, alama ce cewa ƙwaron yana ciki da rai. A danna bakin sukudireban a ƙasan ƙafafu, domin gara takan cinye ciki ta bar fatar waje lafiya lau, sai an danna a ji ya burma.

Abu na biyu da ake nema shi ne kuɗin cizo. A haska fitilar waya a cikin mahaɗai, da ramukan noti, da cikin bututun ƙarfe. Ɗige-ɗigen baƙi da ɓawon ƙwari su ne shaidarsa. Ko ba a ga komai ba, kada a shigar da tsohon gado ɗaki a ranar da aka saye shi, kuma tsohuwar katifar da ta zo da shi a rabu da ita gaba ɗaya. Na ƙarfe a kwance shi a kwarara tafasasshen ruwa a kowace mahaɗa da cikin bututu. Na katako, wanda ruwan zafi zai ɓata, a naɗe shi ruf da baƙar leda a bar shi a tsakiyar rana na wasu kwanaki a jere ana juyawa, domin zafin da ya haura digiri 50 yana kashe ƙwarin da ƙwayayensu. Sai dai na tarihi mai daraja kada a yi masa haka, saboda zafin zai iya tsaga shi, gara a bi lungunansa da buroshi a keɓe shi ana dubawa. Akwai abin da ya zama dole a faɗa a yankin da ake noman auduga: maganin feshin gona ba na cikin ɗaki ba ne, balle a kan abin da yara za su kwanta, kuma fetur da kananzir hatsarin gobararsu ya fi amfaninsu.

Mataki na biyar: gyara

Ƙa'idar gyaran na tarihi ita ce a taɓa kaɗan. A goge shi da tsumma mai ɗan danshi da sabulu marar ƙarfi, a tsane nan take, a bar shi ya sha iska a inuwa. Kada a kankare shi da samfefa, kada kuma a shafa masa banish mai ƙyalli, domin duhun nan da shekaru suka ba shi shi ne darajarsa. Abin da ya dace da shi shi ne kakin zuma, wanda ba ya wuyar samu a Ngaundare da sauran ƙasar Adamawa: a narka shi a kan ruwan zafi, a sauke daga wuta, a gauraya da ɗan tafentain, wato man da ake tsinka fenti da shi, a shafa siriri, bayan ya sha a murza da busasshen ƙyalle.

Na jiya ya fi karɓar gyara sosai. Mahaɗar da ta yi sassauci a zare ta, a kankare tsohon gam, a sa sabon gam na katako, a ɗaure da igiya tamau har kwana ɗaya. Buga ƙusa a mahaɗar da take motsi ba gyara ba ne, tsaga katakon kawai yake yi. Na ƙarfe a kankare tsatsa da buroshin waya, a shafa jan fentin hana tsatsa, sannan fenti hawa biyu. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, wadda take da illa ga yara musamman, saboda haka a yi kankarar a waje, a jiƙa wurin don kada ƙura ta tashi, a rufe hanci, a kuma share garin kafin yara su zo wasa.

Gadon igiya kuwa gyaransa a ja ne. A ɓangaren ƙafa akwai igiyar da take kai da komo tsakanin saƙar da sandar ƙarshe. Idan tsakiya ta lotsa, sai a kwance ƙullin, a bi madaukan ɗaya bayan ɗaya ana ja daga gefe guda zuwa ɗayan, a sake ƙullewa.

Mataki na shida: idan sabo za a ƙera

Nan ne maganar katako take shigowa, kuma nan ne aka fi yin asara. Yawancin katakon da kafintocin arewa suke aiki da shi daga dazuzzukan kudu da gabashin Kamaru yake zuwa, ta jirgin ƙasa zuwa Ngaundare ko ta manyan motoci, kuma yakan iso da danshin ƙasar da ya fito. Idan aka ƙera gado da shi a watan Satumba, kafin Fabrairu iskar hunturu ta zuƙe ruwan da yake ciki, sai falanki ya ƙanƙance, mahaɗai su buɗe, doguwar katako ta murɗe. Don haka tambayar farko ga kafinta ita ce: "Malam, wannan katakon tun yaushe yake ajiye a nan?" Wanda ya ga rani guda a jere a ƙarƙashin rumfa, da 'yan sanduna a tsakanin falankai don iska ta ratsa, shi ake so. Ɗanyen katako yana da sanyi da nauyi a hannu, kuma garin da zarto yake fitarwa daga jikinsa yakan dunƙule maimakon ya watse. Idan ba a sami busasshe ba, ya fi a sayi katakon a ajiye a gida, a ba da aikin a ƙarshen rani.

Ga firam da ƙafafu a nemi iroko ko safeli, ko maɗaci idan an same shi ta halattacciyar hanya. Iroko ya fi jure gara. Ayus, farin katakon nan marar nauyi mai araha, yana da laushi kuma ƙwari suna son sa. Bai dace da ƙafa ko doguwar katakon gefe ba.

A rubuta wa kafinta awo a takarda, a riƙe kwafi. Ƙafafu su kasance santimita 6 a kowane gefe. Dogayen katakan gefe su kai kaurin santimita 3 da faɗin 10 zuwa 12. Falankan da katifa za ta hau su zama masu faɗin 7 da kaurin 2, da tazarar 5 zuwa 6 a tsakaninsu, wato kimanin guda 14 ko 15 a tsawon 190. Kada a yarda a shimfiɗa filawud guda a rufe ƙasan ruf, domin katifa tana bukatar iska, in ba haka ba gumi ya taru ta yi wari da damina. Tun da yake gadon kishingiɗa mutum uku ko huɗu ne suke zama a bakinsa lokaci ɗaya, nauyin duka a kan katakon gaba yake sauka, saboda haka a ƙara ƙafa ta biyar a tsakiyar gaba ko a ƙara wa katakon kauri. Mahaɗai su zama na rami da harshe, a kuma haɗa dogayen katakan da kai da ƙafa ta hanyar noti mai kwancewa, yadda za a iya raba gadon gida-gida ranar tashi. Wasu kafintoci sukan ce, "Alhaji, ƙusa ma ta isa, haka muke yi wa kowa." A tsaya a kan noti, ko da kuɗin aikin zai ƙaru kaɗan.

Wanda ya fi son na ƙarfe ya gaya wa mai walda ya yi amfani da bututu mai kusurwa huɗu na milimita 30 ko 40, mai kaurin da bai gaza milimita ɗaya da rabi ba, ya goge duk wurin walda har ya daina kama tufa, ya toshe bakin bututu don kada ƙwari su sami gida, ya kuma sa roba a tafin ƙafafu. Ƙarfe ba ruwansa da gara, amma idan ya yini a rana ba ya taɓuwa.

Gado na biyu da ake turawa ƙasa yana da amfani a gida mai yara, amma yana da sharuɗɗa: sarari a ƙarƙashi na kusan santimita 25, katifa siririya mai kaurin 10 zuwa 12, tayoyi, daɓe mai santsi, da fili a gaba da ya kai mita guda. Wannan yakan ɗaga wurin zama sama da 45, kuma ba a iya sa masa ƙafar tsakiya, don haka sai a ƙarfafa katakon gaba da ƙarfe ta ciki. Ko wane iri aka zaɓa, a sa a yi ramuka huɗu a kusurwoyi inda za a soka sandunan gidan sauro da dare a zare su da safe, domin baƙon da aka kwantar a falo da damina ba tare da gidan sauro ba an bar shi ne ga zazzaɓin cizon sauro.

Mataki na bakwai: katifa, matasai da sutura

Katifar da za a riƙa zama a kanta tana bukatar tauri fiye da ta kwana kawai. A wajen masu soso a tambayi nauyin soson, ba kaurinsa kaɗai ba: wanda ya kai kilo 28 zuwa 35 a kowane dunƙulen soso mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi shi ne yake jure zama, marar nauyi kuwa cikin ɗan lokaci bakinsa yake lotsewa. Gwaji mai sauƙi shi ne a durƙusa a kai da gwiwa ɗaya. Idan gwiwa ta ji ƙasa, a bar shi. Katifar auduga ta fi soso sanyi a lokacin zafi, sai dai tana dunƙulewa, tana bukatar shanya da bugu a kai a kai.

Ga majingina, a sa a yanko soso mai tauri gida biyu ko uku, kowanne mai kaurin da zai cike ratar da aka lissafa a baya, gabansa a ɗan kishingiɗe. A gefe biyu a sa dunƙulallun matasai dogaye da aka cusa wa audugar rimi. Tela ya ɗinka wa katifa da matasan riguna masu zif, saiti biyu, domin a cire ɗaya a wanke a sa ɗaya. Yadin auduga mai kauri shi ya fi dacewa. Fatar roba tana manne wa jiki da gumi kuma tana ɓarewa a zafinmu, karan-miski kuma yana riƙe ƙura. Fari fat da baƙi wuluk duka suna tona ƙurar hunturu. Launin ƙasa, shuɗi mai duhu ko yadi mai zane sun fi rufa asiri. Wanda yake son ado ya ƙara tumtum ɗaya ko biyu na aikin dukawan Marwa, ya tsaya a nan, domin duk matashin da aka ƙara sai an nemi inda za a ajiye shi da dare. Zanin gado da bargo da matashin kai na baƙo a ware musu akwati ko aljihu a kusa, kada a kwantar da mutum a kan rigar da aka yini ana zama a kai. Jariri kuwa ba a barinsa ya yi barci a tsakanin matasai, kuma a tabbata babu wata rata tsakanin katifa da majingina ko tsakanin sanduna da kan yaro zai iya shiga ya maƙale.

Mataki na takwas: ajiyewa da kulawa

A bar tazarar yatsu huɗu tsakanin gadon da bango, musamman bangon ƙasa, domin ta nan gara take hawowa. Idan daɓen ƙasa ne, a ɗora kowace ƙafa a kan fale-falen dutse ko gutsuren tayil. Kada a sa na katako a inda rana take faɗowa ta taga kowace rana, ko kai tsaye a ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki. Wanda yake kwana a waje a shigar da shi ko a ja shi ƙarƙashin rumfa tun hadarin farko, katifarsa kuma kullum da safe a ɗauke ta.

Katifa a riƙa juya ta kowane wata, gaba ya koma baya, sama ya koma ƙasa, saboda bakin gaba shi yake ɗaukar nauyin zama. Sau biyu a shekara a bi kowane noti da sufana: a tsakiyar hunturu, lokacin da katako ya ƙanƙance suka yi sassauci, da kuma ƙarshen damina, lokacin da ya kamata a janye gadon gaba ɗaya a duba bango da ƙafafu ko gara ta fara gina hanyarta ta ƙasa. Idan an ga hanyar, a rushe ta, a bi ta har inda ta fito daga daɓe ko bango a toshe da siminti, sannan a bar gadon a wani gefen ɗakin na 'yan makonni ana duba wurin kafin a mayar da shi.